Aaron Copland da Neman Muryar Amurka a Rubutaccen Kiɗa

1.0 Gabatarwa

Har zuwa farkon ƙarni na 20, rubutaccen kiɗa irin na manyan ƙungiyoyin makaɗa baƙo ne a Amurka. Mafi yawan masu tsara shi a Jamus suka yi karatu, kuma salon Jamusawa suke bi sau da ƙafa. Manufar wannan maƙala ita ce nazarin rayuwar Aaron Copland, ɗaya daga cikin waɗanda suka mai da wannan aro ya zama na gida.

2.0 Tasowa da Karatu

An haifi Copland a Brooklyn ta birnin New York a 1900. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Lituweniya. A 1921 ya tafi Faransa, inda ya yi shekara uku a hannun shahararriyar malama Nadia Boulanger. Ya komo gida a 1924 da ƙudurin tsara kiɗan da duk wanda ya ji zai ce na Amurka ne. Da fari ya jarraba kiɗan jaz na baƙaƙen fata, sa'an nan ya koma ga salo mai tsauri, kamar yadda ake ji a Piano Variations na 1930. Masana sun yaba, amma jama'a ba su saurara ba.

3.0 Sauyin Salo

Karayar tattalin arziki ta 1929 da yaɗuwar rediyo da garmaho su suka sa ya sake tunani. Ya lura cewa an sami sababbin masu sauraro waɗanda ba su taɓa shiga zauren kiɗa ba, don haka ya sauƙaƙa salonsa, ya koma ga waƙoƙin talakawa. Ziyararsa Meziko a 1932 ta haifar da El Salón México a 1936. A wasannin rawa na Billy the Kid, 1938, da Rodeo, 1942, ya yi amfani da waƙoƙin makiyayan shanu na yammacin ƙasar. A Appalachian Spring kuwa, wanda ya shirya wa Martha Graham a 1944 da kayan kiɗa 13 kacal, ya ɗauko wata tsohuwar waƙar ɗariƙar Shaker ya yi ta jujjuya ta. Wannan aiki ya sami lambar Pulitzer a 1945.

4.0 Koyarwa da Gwagwarmaya

Daga 1940 zuwa 1965 Copland ya koyar da tsara kiɗa a makarantar bazara ta Tanglewood. Cikin ɗalibansa akwai Alberto Ginastera na Ajantina, kuma shi ya zame wa Leonard Bernstein uban gida. Littafinsa na 1939, What to Listen for in Music, don mai sauraro na gama-gari ya rubuta shi.

To, amma kusantar talakawa ba ta zo masa a banza ba. A 1953 an cire Lincoln Portrait daga bikin rantsar da Shugaba Eisenhower bisa zargin cewa marubucinsa na da alaƙa da 'yan gurguzu, kuma a shekarar ya gurfana gaban kwamitin Sanata McCarthy. Ba a same shi da laifi ba. A ɗaya ɓangaren, matasan masu tsara kiɗa suna ganin salonsa ya tsufa. Da ya gwada tsarin sautuka 12 a Connotations na 1962, jama'a suka karɓe shi da sanyin jiki. Daga farkon shekarun 1970 ya kusan daina rubutu, ya koma jagorantar makaɗa. Ya rasu a 1990.

5.0 Kammalawa

Tarihin Copland ya nuna cewa kayan aro kan zama mallakar al'umma idan aka zuba musu abin da al'ummar ta gada. Sai dai tambayar da ya yi fama da ita tana nan: wa mai fasaha zai fuskanta, masana ko jama'a? Ayyukan da ya yi wa jama'a dai su aka fi kaɗawa har yau.