Leburorin Kuza da Mutum-mutumin Nok

'Yan ajinmu za su tuna ranar da Malamin Tarihi ya loda mu a motar makaranta zuwa Gidan Tarihi na Jos. A lokacin hankalina yana kan gidan namun daji da ke kusa, ban damu da kawunan yumɓun nan masu hudajjun idanu ba. Sai da girma ya zo na gane abin da Malam yake so mu gani.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono kai na farko kusa da ƙauyen Nok. Wajen 1943 aka sami wani a Jama'a, har aka kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg. Dabarar Fagg ita ce ya bi ramukan kuza yana nuna wa leburori abin da za su lura da shi, yana roƙonsu su kawo rahoto. Da abin da suka tsinto aka ƙawata gidan tarihin da aka buɗe a 1952, kuma a 1963 aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO.

Me ake koya wa mai tono? Kada ya ɗaga abu sai an auna zurfinsa, an zana wurin, an tattara gawayi da tsingaron da ke gefensa. Gawayin nan shi ke faɗin shekaru. Da irinsa aka san mutanen Taruga suna narkar da tama ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A shekarun 1990 kuwa dillalai ne suka zama malamai. Talauci ya sa samari suka yi ta fasa ƙasa da diga, ana kwashe kawunan zuwa Turai, ana watsar da gawayin. Ni ban ga laifin yaran sosai ba. Wanda ya zo da kuɗi shi suka saurara. Da masanan Jami'ar Frankfurt suka fara aiki a 2005, sun tarar an riga an yamutsa yawancin wuraren. Mutanen ƙauyukan nan dai su suka nuna musu inda kufan suke, su suka riƙe cebur da rariya, har aka gano ƙonannen geron da ya nuna manoman Nok sun zauna a can tun wajen shekara 1500 kafin Annabi Isa (AS).