Daga Gashin Tumaki Zuwa Zolaya: Tarihin Kalmar "Tease"

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kaɗi ya san shiɓa. Bayan an gurje auduga an fid da gurya, tsohuwa kan ɗauki bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiyarsa cikin audugar har ta warware ta yi laushi, sannan a kai ta ga mazari. Ɗan'uwan wannan aiki shi ne asalin kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita yau idan suna nufin zolaya, wato "tease", wadda ake furtawa kamar "tiz".

A tsohon Ingilishi, fiye da shekara dubu da ta wuce, siffar kalmar ita ce "tæsan", kuma babu ko ƙamshin raha a cikinta. Ma'anarta a sa yatsu a tsattsage gashin tunkiya da ya cukurkuɗe, a ja nan a ja can, a hankali, har silin gashin ya rabu ba tare da ya tsinke ba. Tsohon Jamusanci ma yana da "zeisan" da wannan ma'ana. Kalmar talakawa ce, ta mata masu kaɗi da masu tumaki.

Sana'ar kuwa ba ƙarama ba ce. A ƙarni na 13 da na 14 gashin tumaki shi ne babban abin da Ingila ke fitarwa, ana lodinsa zuwa masaƙun Filandas da Italiya. Har gobe shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan wani jan matashi cike da gashin tumaki yake zama, al'adar da ake dangantawa da zamanin Sarki Edward na Uku, wanda ya yi mulki daga 1327 zuwa 1377. Al'ummar da arzikinta ke jikin tunkiya ba abin mamaki ba ne bakinta ya cika da kalmomin masaƙa.

Akwai wani tsiro da ya samo sunansa daga wannan tushe, "teasel". Kansa ya kai girman ƙwan kaza, cike da ƙayoyi masu lanƙwasa a baki, kamar ƙarangiya ta yi girma. Idan an gama saƙa, sai a jera busassun kawunan a jikin katako a riƙa goga wa ƙyallen don gashinsa ya tashi ya yi taushi. An noma shi sosai a yankin Somerset, kuma ƙungiyar masu gyaran ƙyalle ta Landan, wadda aka kafa a 1528, ta sa hotonsa a tambarinta. Ko da injuna suka zo da tsinken ƙarfe, masu saƙar ƙyalle mai tsada sun daɗe ba su rabu da tsiron ba. Dalilinsu shi ne idan ƙayarsa ta maƙale a ƙulli, ita ce ke karyewa, ƙarfe kuwa yaga ƙyallen yake yi. A ganina nan ne zuciyar kalmar take, domin zolayar kirki ma haka take: tana taɓa mutum, tana ɗan jan sa, amma idan ta zo wurin da zai ji ciwo sai ta saki.

A farkon ƙarni na 17 ne aka fara ganin kalmar a rubuce tana nufin mutum maimakon gashi. Da fari ma'anar na da kaifi: a dami mutum da naci, a yi ta cakunarsa har ransa ya ɓaci. Sannu a hankali raha ta shigo. A wasan kwaikwayon Richard Sheridan na 1777, "The School for Scandal", akwai miji da mata da ba sa rabuwa da cacar baki, aka kuma sa musu suna Teazle. A littafin Jane Austen na 1813, "Pride and Prejudice", ana samun ma'anonin biyu kafaɗa da kafaɗa, wani wuri takura, wani wuri tsokanar da ke ɓoye so.

Ba ita kaɗai ta fito daga masaƙa ba. "Heckle", wato katse mai jawabi da ihu ko tambayar ƙure, asalinta matajin ƙarfe ne da ake tsefe zaren rama irin ta Turai da shi. Masu wannan aiki a garin Dundee na Sikotilan sun yi suna wajen zafin siyasa, mutum ɗaya na karanta musu jarida saura na aiki suna musu.

Sauran 'yan'uwanta kowace da hanyar da ta biyo. "Banter", raha ta ba-ni-in-ba-ka tsakanin abokai, ta ɓullo a ƙarshen ƙarni na 17, kuma Jonathan Swift ya soke ta a jaridar "The Tatler" a 1710 a matsayin kalmar da ke ɓata harshe. Sukar ba ta hana ta zama ba. "Kid", a yi wa mutum ƙaryar wasa, daga bakin ɓarayin Landan ta fito a farkon ƙarni na 19. "Rib" da "josh" na Amurkawa ne. "Mock" da "taunt" kuwa, waɗanda suka shigo ta hanyar Faransanci, sun tsaya a ɓangaren ba'a da izgili da gori. Ɗalibi ya kiyaye wannan, don ƙamus kan jera su wuri ɗaya alhali wanda aka yi wa "taunt" ba ya dariya.

A ƙarni na 20 'yan talla suka ari kalmar suka yi "teaser", ɗan guntun fim ko sanarwa da ke jawo kwaɗayi ba tare da ƙosarwa ba. Tsohuwar ma'anar ma ba ta mutu ba, don masu gyaran gashi na amfani da ita wajen tayar da gashi da mataji, malamai kuma kan ce "tease out" idan za su warware magana mai sarƙaƙiya.

Mai fassara zuwa Hausa yakan zaɓa tsakanin zolaya da tsokana, gwargwadon ko akwai neman faɗa a ciki. Inda Ingilishi ke gajiyawa shi ne wurin wasan da al'ada ta ba wa lasisi, irin na taubasai, da kaka da jika, da Fulani da Barebari. Turawan Ingila ba su da kalma guda ta wannan, sai da masana halayyar al'umma suka haɗa kalmomi biyu, "joking relationship", sunan da ya yaɗu bayan maƙalar Radcliffe-Brown ta 1940 a mujallar "Africa".