Sinadarin Alminiyam a Ruwan Sha da Lafiyar Dattawa

Alminiyam shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa. Yana shiga ruwan sha daga duwatsu da ƙasar da ruwa ke ratsawa, da kuma alif, wanda matatun ruwa da magidanta ke sakawa domin laka ta kwanta. Idan alif ya yi yawa, ko ba a tace ruwan sosai ba, ragowar sinadarin kan kai ga kofin mai sha.

Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ta kayyade miligiram 0.2 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce manyan matatu za su iya sauke shi zuwa 0.1. Mafi yawan alminiyam da ɗan Adam ke haɗiya daga abinci yake, kuma kaɗan ne ke shiga jini.

Ƙoda ce ke fitar da wannan kaɗan ɗin ta fitsari, kuma ƙarfinta na raguwa da shekaru, musamman ga masu ciwon suga ko hawan jini. A shekarun 1970 likitoci sun gano cewa alminiyam da ke cikin ruwan wankin ƙoda yana taruwa a ƙwaƙwalwa da ƙashi, ya haddasa rikicewar magana, mantuwa da raunin ƙashi. Shi ya sa ake tsarkake wannan ruwa ta hanya ta musamman a yau.

Game da cutar mantuwa ta Alzheimer, wani bincike a kudu maso yammacin Faransa, wanda ya bi diddigin 'yan shekara 65 zuwa sama har tsawon shekara 15, ya nuna cutar ta fi kama waɗanda ke samun miligiram 0.1 ko fiye a rana daga ruwan sha. Wasu binciken ba su ga wannan alaƙa ba, kuma hukumar ta duniya ba ta ɗauki sinadarin a matsayin tabbataccen musabbabin cutar ba.

A gida, ɗan alif kaɗan ya wadatar. A bar ruwan ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace, a zubar da lakar. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire alminiyam. Dattijo mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita kafin shan maganin gyambon ciki, domin wasunsu na ɗauke da alminiyam mai yawa fiye da na ruwa.