Matan Gee's Bend: Allura, Tsumma da Katin Zaɓe

Yau zan kai ku Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, wanda kogi ya kusa zagaye shi. Mazaunansa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a nan.

Sanyi ne ya sa matansu ɗinka bargo. Tsohon wandon gona, buhun masara, tsummar riga, duk sai a yayyanka a harhaɗa, a cusa auduga a tsakiya. Kayan aikin fa? Allura, zare, almakashi, ɗan ƙarfen da ake sawa a yatsa don tura allura, sai katakon da ake ɗaure bargon a kai ya miƙe. Uwa da 'ya da kaka su zauna kewaye da shi, yarinya ta fara da zura wa kakarta zare.

Ga inda labarin ya fi kama ni. A shekarun 1960, da mutanen suka fara tsallaka kogi zuwa Camden don yin rajistar zaɓe, hukuma ta tsayar da jirgin fito. Wasu ma aka kore su daga aiki. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar Freedom Quilting Bee, suna sayar da barguna har New York, kuɗin na shigowa hannunsu kai tsaye.

A 2002 aka baje bargunan a gidan tarihi a Houston. Jirgin fito kuwa sai 2006 ya dawo.