Yadda Abincin Biki Ya Bar Akushi Ya Koma Roba

Duk wanda ya je kama ɗakin taro don dinar aure a Kano ko Kaduna ko Abuja, da zarar an gama maganar kujeru da kwalliya, sai a jefo masa tambaya: abinci fa, a jera shi ne kowa ya ɗiba, ko a kai wa kowa inda yake zaune? Iyayen amarya sukan auna amsar da aljihunsu. Sai dai tsarin nan biyu duka baƙi ne, kuma taron da aka ƙirƙire su dominsa bai yi kama da bikin Bahaushe ba.

A gidajen sarakuna da attajiran Turai, har zuwa farkon ƙarni na 19, abinci iri-iri ake shaƙe tebur da shi lokaci guda, a kwashe, a sake jera wani zagayen. Wannan shi ne tsarin Faransa. Ido yakan sha kallo, amma miya ta huce kafin a kai gare ta, kuma baƙo abin da ke kusa da hannunsa yake ci. Ana danganta sauyin ga Yarima Alekzanda Kurakin, jakadan Rasha a birnin Faris daga 1808 zuwa 1812. A gidansa, can ciki ake yanka nama a shirya shi, sannan barori su riƙa kawo wa baƙi kala bayan kala da zafinsa. Sai wajen 1860 sabon tsarin ya sami gindin zama a Ingila. Isabella Beeton, a littafinta na kula da gida da ya fito a 1861, ta yi gargaɗin cewa bai dace da ƙaramin gida ba, saboda yana cin barori da faranti da cokula. Mai abincin dina da ke ƙara kuɗi idan an ce a kai wa kowa nasa, wannan lissafin yake yi har gobe.

Bufe kuwa, wato a jera abinci kowa ya ɗiba, daga Suwidin ya yi suna, inda aka saba jera abin taɓawa a tebur ɗaya kafin babban abinci. Rumfar Suwidin a baje kolin duniya na New York a 1939 ta nuna wa Amurkawa shi, sannan gidajen caca na Las Vegas suka rungume shi: otal ɗin El Rancho Vegas ya riƙa sayar da ci-ka-ƙoshi a kan dala ɗaya don kada yunwa ta fitar da 'yan caca waje.

Abin da ya haɗa tsarin biyu shi ne, mai gida ya san adadin baƙinsa. Walima kuwa ba ta taɓa tsayawa a kan ƙidaya ba. A auren Annabi (SAW) da Zainab 'yar Jahshi, an aiki Anas ɗan Malik ya kira waɗanda aka ambata masa da duk wanda ya haɗu da shi, kuma aka zaunar da mutane goma-goma a kewaye da abinci, kowa na ci daga gabansa. A aurensa da Safiyya, kan hanyar dawowa daga Khaibar a shekara ta 7 bayan Hijira, shimfiɗun fata aka baza, sahabbai suka kawo abin da suke da shi na dabino da cuku da man shanu, aka cuɗa aka ci.

Bikin Hausawa a wannan turbar ya daɗe. Mata 'yan'uwa da maƙwabta ne ke kafa manyan tukwane a tsakar gida tun asuba. Tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko funkaso, a zuba a akushi a kai zaure, maza su kewaye shi, a ajiye wa dattawa nasu daban. Mafi muhimmanci, abincin ne ke bin mutane: yara su ɗauki kwanuka gida-gida, a kai wa tsohuwar da ba ta iya fitowa, da mai jego, da mai takaba. Almajiri na da rabonsa a ƙofa, ɗan gayyar soɗi ma ba a korarsa. Akushi ya ba langa wuri, langa ta ba kula, amma rabon bai sauya ba.

Da biki ya koma ɗakin taro ne aka ga inda gizo ke saƙa. An buga kati ɗari uku, mutum ɗari biyar sun zo. Idan bufe ne, na gaba su kwashe nama, dattijo kuma ba zai bi layi da faranti a hannu a gaban surukansa ba. Gara ya koma gida da yunwa. Idan kaiwa ake yi, masu rabo su gaji kafin su isa teburin baya. A ganina wannan ne ya sa robar tekawe ta yi nasara, duk da masu son burga na raina ta. Tana ƙirguwa tun daga kicin, ba ta buƙatar ma'aikata da yawa, kuma tana shiga jaka ta isa gida wurin yara da wadda aka bari tsaron ɗaki. Shi ya sa a bukukuwa da dama yanzu ake raba ƙafa: faranti ga teburin ango da amarya da manyan baƙi, roba a leda ga sauran jama'a, kula kuma a aika gidan dangi.