Reichenhall, Garin da Ya Cinye Dazuzzuka Wajen Dafa Gishiri

A yankin Pinzgau na ƙasar Ostiriya akwai wani daji mai faɗin hekta kimanin 18,500 wanda Ostiriya ba ta da ikon sare ko reshe ɗaya a cikinsa don kanta. Ƙasar tana cikin iyakarta, dokarta ce ke aiki a wurin, amma itatuwan mallakar jihar Bavariya ce ta Jamus, kuma ma'aikatan gandun dajin Bavariya ne ke kula da su har yau. Tushen wannan tsari yarjejeniya ce da aka sa wa hannu ranar 18 ga Maris, 1829. Bavariya ta samu daji, ita kuma Ostiriya ta samu izinin bin gishiri ta ƙarƙashin dutsen Dürrnberg har cikin ƙasar Bavariya. An sabunta yarjejeniyar a 1957, kuma tana cikin tsofaffin yarjejeniyoyin Turai da ba su daina aiki ba.

Duk wannan saboda wani ƙaramin gari ne mai suna Reichenhall, wanda ke kwance a wani kwari tsakanin duwatsun Alps, a bakin kogin Saalach, tafiyar mintuna kaɗan daga birnin Salzburg. Mutanensa a yau ba su kai dubu ashirin ba.

Arzikin garin daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa. Ruwan sama yana ratsa duwatsu, ya tarar da gishirin da wani tsohon teku ya bari a can ƙasa, ya narkar da shi, sannan ya fito a gindin tudun Gruttenstein. A wasu idanun ruwan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ɗebo gishiri ne zalla. Mutane sun san da wannan ruwa tun kafin zuwan Rumawa yankin. A zamanin da babu firji, gishiri ne ke riƙe nama, kifi, cuku da kabeji har a fita hunturu, kuma dabbobi ma ba sa yi sai da shi. Wanda ya mallaki idon ruwan ya riƙe cikin jama'a masu yawa.

Sai dai ruwan gishiri bai zama gishiri ba tukuna. A Bilma rana ce ke yin aikin: a tara ruwa a ramuka, zafi ya ƙafar da shi, a kwashe a cusa a mazubi a fitar da kantu. Mutanen Reichenhall ma a mazubin katako suke cusa ɗanyen gishirinsu, ya fito dunƙule mai tsini, amma irin ranar Bilma ba ta leƙa kwarinsu. Wuri ne na ruwan sama da ƙanƙara. Dole sai an zuba ruwan a manyan kasake na ƙarfe, an hura wuta a ƙarƙashi dare da rana har ya ƙone. Daga nan ne tarihin garin ya rataya a kan abubuwa biyu da ba gishiri ba: itacen da za a hura, da ruwan daɗin da ke kutsawa cikin rijiya yana tsinka ruwan gishirin.

Rubutaccen tarihin garin ya fara ne da kyauta. A wajajen shekarar 696, Theodo, mai sarautar Bavariya, ya ba Bishop Rupert kasake ashirin da sulusin idon ruwan domin ya kafa cocinsa a Salzburg. Da kuɗin wannan gishiri Salzburg ta tsaya da ƙafafunta, kuma shi ya sa har yau masu zane ke nuna Rupert riƙe da ɗan gangar gishiri. Cikin ƙarnonin da suka biyo baya, sarakuna, majami'u da gidajen ibada na nesa duk sun samu rabonsu a rijiyar.

Ayarin gishiri da ke fita daga kwarin ya raya garuruwan da ya ratsa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Munich. Fatake kan haye kogin Isar ta gadar Föhring, inda Bishop Otto na Freising ke karɓar kuɗin gada. Heinrich, mai sarautar Bavariya da ake wa laƙabi da Zaki, ya karkatar da hanyar zuwa wata gada da ke cikin ƙasarsa, kusa da wani matsugunin 'yan zuhudu. Rigimar ta kai gaban Sarkin Sarakuna Friedrich Barbarossa, wanda ya yanke hukunci a Augsburg ranar 14 ga Yuni, 1158: gada da kasuwa su zauna a sabon wurin, a riƙa ba bishop sulusin kuɗin shiga. A wannan takarda ce sunan Munich ya fara bayyana. Birnin da ya zama hedikwatar Bavariya da harajin gishirin wani ƙaramin gari ya fara.

Su kuwa masu dafa gishirin sun yi kuɗi, sun yi ƙarfi, har suka fara ja da Salzburg kan haraji. A 1196 Akbishop Adalbert na Uku ya aiko da mayaƙa suka ƙone garin. Abin da ya ba shi wannan ƙarfin hali a bayyane yake: an riga an fara haƙar gishiri a Dürrnberg, ana dafa shi a Hallein, cikin ƙasarsa. Bai ƙara buƙatar Reichenhall kamar da ba. Ba a daɗe ba Hallein ta sha gabanta a kasuwa, kuma garin bai sake riƙe cinikin yankin shi kaɗai ba.

Masifa ta biyu ba ta zo da takobi ba. Da farko ƙarti ne ke jan ruwan da gugar fata, daga baya, a wajajen 1440, aka kafa sarƙar guga da ƙarfin ruwa ke juyawa. Amma ruwan daɗi ya ci gaba da tsiyaya cikin rijiyar. Duk lokacin da ruwan ya tsinke, sai an ƙona itace mai yawa kafin a samu gishirin da ake samu a da, riba kuma ta zube. Gidajen attajiran da suka gaji kasaken ba su da kuɗin gyara mai girma, kuma kowa jira yake ɗan'uwansa ya fara. Daga ƙarshen ƙarni na 15 sarakunan Bavariya suka shiga sayen kasaken ɗaya bayan ɗaya, tun daga Georg na Landshut har zuwa magadansa. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, sana'ar da ta kasance ta 'yan gari ta koma ta fada, jikokin masu kasko suka zama ma'aikatan albashi ko suka bar harkar.

A nan ya kamata a yi wa fadar adalci, domin ta yi aikin da 'yan garin suka kasa. An ɗauko Erasmus Grasser, masassaƙin da ya yi suna a Munich da gumakan masu rawa da ya sassaƙa wa zauren birnin, aka ba shi aikin sake gina rijiyar da dutse daga 1507. Sannan tsakanin 1524 da 1538 aka haƙa Grabenbach, wata magudana da ke bi ta ƙarƙashin garin tsawon kusan kilomita biyu, ta kwashe ruwan daɗi ta fitar da shi can nesa. Shekara kusan ɗari biyar ke nan, magudanar ba ta daina aiki ba. Amma farashin wannan gyara shi ne garin ya rasa bakin magana a kan arzikin da ke ƙarƙashin gidajensa. Daga lokacin, a Munich ake yanke shawara.

Saura itace. Kasake ba sa ƙoshi. Masu saran itace kan hau duwatsu su yi kwanaki a bukkoki, su sare, su yayyanka gungume, su tara ruwa a bayan madatsun katako, sannan su buɗe lokaci ɗaya ambaliya ta kwashi gungumen zuwa kogin Saalach. A bakin garin akwai shinge da ke tare su. Aiki ne mai cin rai, kuma ya sauya kamannin dazuzzukan kansu. Itacen da Jamusawa ke kira Buche yana da nauyi, ba ya tafiya da kyau a ruwa, wutarsa kuma tana da zafin da ke lalata kasko, don haka aka riƙa rage shi ana fifita dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Mafi yawan dajin da ke aiko da itacen yana ɓangaren Salzburg ne, wato a hannun abokin hamayya. Gaba tsakanin maƙwabtan biyu kan gishiri ta kai ga yaƙi a 1611, lokacin da Maximilian na Bavariya ya shiga Salzburg da sojoji, aka kama Akbishop Wolf Dietrich, aka tsare shi har ya mutu a 1617.

A 1613, ana cikin gyaran rijiya, sai aka ci karo da sabon idon ruwa mai ƙarfi. Abin murna ya zama abin damuwa, domin babu itacen dafa shi. Shawarar da fadar Maximilian ta yanke ita ce abin da ya fi komai burgewa a tarihin garin: tunda itace ya kasa zuwa wurin ruwa, a kai ruwan inda itace yake.

Magini Hans Reiffenstuel da ɗansa Simon ne suka karɓi aikin. Daga 1617 zuwa 1619 suka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 31 daga Reichenhall zuwa Traunstein, inda dazuzzuka ke nan ba a taɓa ba. Bututun na katako ne, gungume dubbai, kowanne tsawon mita huɗu, an huda cikinsa da hannu an haɗa baki da baki. Hanyar ba gangara ba ce, sai ta haura tudu wajen Inzell. Don haka suka gina gidajen famfo bakwai, a kowanne ƙoramar dutse tana juya babbar da'irar katako, ita kuma ta tura ruwan gishirin sama zuwa mataki na gaba. A kowane gida akwai mai tsaro da ke zaune da iyalinsa, yana bin layin a ƙafa yana neman inda ke yoyo, rani da hunturu. Sau da yawa ana kiran wannan aiki bututun nesa na farko a duniyar zamani. An kammala shi ne daidai lokacin da Yaƙin Shekara Talatin ke kunno kai, kuma kuɗin gishiri na cikin abin da ya riƙe baitulmalin Maximilian a yaƙin.

Kusan shekara ɗari biyu bayan haka injiniya Georg von Reichenbach ya faɗaɗa tsarin. A 1810 ya kai ruwan har Rosenheim, tafiyar kilomita kimanin 80. A 1817 kuma ya jawo ruwan gishiri daga ma'adinar Berchtesgaden, wadda ake haƙa tun 1517, zuwa Reichenhall. A Ilsank ya kafa inji guda da nauyin ruwa kaɗai ke motsawa, yana cilla ruwan gishiri sama mita 356 a tashi ɗaya. Layin Rosenheim bai tsaya ba sai a 1958.

Garin da ke kwana da wuta a ƙarƙashin kasake, da tulin busasshen itace a kowace kusurwa, ya sha gobara ba sau ɗaya ba. Mafi muni ita ce ta daren 8 ga Nuwamba, 1834, wadda ta tashi daga masana'antar gishirin ta cinye mafi yawan gidajen garin. Unguwar da ke kewaye da dandalin Florian ce ta tsira, kuma a can baƙo zai ga yadda tsohon garin yake. Sarki Ludwig na Ɗaya ya sa aka sake gina masana'antar da jan bulo, da sarari mai faɗi tsakanin gine-gine don kada wuta ta sake tsallakawa, da ɗakin ibada mai sunan Rupert a saman gidan rijiyar. A cikin gidan aka kafa da'irori biyu na ƙarfe, kowace tsayin mita 13, waɗanda har yanzu suke juyawa suna jan ruwa daga ƙasa. Masana'antar sarki ta tashi da kyan da ya fi na da. Talakan da gidansa ya ƙone kuwa, shi da bashi suka sake gini.

Abin da ya fitar da garin daga wannan ƙunci shi ma ruwan gishirin ne, ta wata ƙofa dabam. A 1846 Ernst Rinck ya buɗe gidan jinya na Axelmannstein, inda masu ciwo ke wanka da ruwan gishiri. Zuwan Sarki Maximilian na Biyu a 1848 ya ja hankalin masu hali, jirgin ƙasa ya iso a 1866, kuma a 1890 aka ƙara wa sunan garin kalmar da Jamusawa ke ba garuruwan jinya, ya zama Bad Reichenhall. Har wata dabarar tsimin itace ta koma magani. Tun ƙarni na 18 ake gina dogayen bangaye na damman ƙaya, a riƙa zubo ruwan gishiri daga sama yana ɗiga, iska tana kwashe wani ɓangare na ruwan kafin a kai kasko. Sai aka lura masu ciwon ƙirji suna samun sauƙin numfashi a kusa da su. Bangon da ke lambun garin a yau, mai tsawon mita 160, an gama shi a 1912 domin masu shaƙar iska kawai, ba a dafa ko cokali ɗaya daga ruwansa.

A wannan shekarar ta 1912 ce masana'antar gishirin Traunstein ta rufe. Gawayin ƙasa da lantarki sun karɓi aikin itace, turo gungume ta kogi ya mutu, kuma a 1926 dafa gishiri ya koma sabuwar masana'anta a gefen garin. Ranar 25 ga Afrilu, 1945, saura kwanaki kaɗan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai, jiragen Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai, mutane kimanin 200 suka mutu. An sake gini. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Jamus ta rage kuɗin da inshorar lafiya ke biya wa masu zuwa jinya, baƙi suka ragu, otal-otal da dama suka shiga wahala.

Gishirin dai ana nan ana yin sa. Ruwan yana zuwa ne daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi da kuma sabon bututu daga Berchtesgaden, injuna suna ƙafar da shi cikin rufaffun tankuna, a zuba a kwalaye masu ɗauke da sunan garin, a kai shaguna a faɗin Jamus. Kamfanin da ke da masana'antar, Südwestdeutsche Salzwerke, hedikwatarsa tana Heilbronn, a wata jihar dabam, ɗaruruwan kilomitoci daga kwarin.