Orangina, Lemon Da Sai An Girgiza

Mu masu aikin rediyo, abin da mai talla ke fara roƙonmu shi ne mu rufa wa hajarsa asiri. Shi ya sa tarihin Orangina ke burge ni, don masu shi da aibin nasa suka yi kasuwa.

Mutane da yawa a nan Nijar suna ɗaukar sa lemon Faransa ne tsantsa, alhali a wajen maƙwabtanmu na arewa aka raɗa masa suna. Wani mai haɗa magunguna a Valencia ta ƙasar Sifaniya, Agustín Trigo, shi ya fara haɗa shi, ya kira shi Naranjina. Léon Beton, ɗan kasuwa daga Boufarik ta Aljeriya, garin da gonakin lemu suka kewaye, ya ci karo da shi a baje kolin Marseille, ya sayi sirrin haɗin. A 1936 aka fara jin sunan Orangina. Sai yaƙi ya taso, na Sifaniya da na duniya, harka ta kwanta.

Ɗansa Jean-Claude ne ya tashe ta a 1947. A 1951 ya fito da kwalbar nan mai tumbi, jikinta kaushi-kaushi kamar ɓawon lemu. Masu shaguna suka yi ta ƙorafi wai tana cin wuri a firiji, ya ƙi canzawa. Ga kuma babbar matsala: tsakin lemun da ke ciki yakan kwanta a gindin kwalba, mai saye ya ga kamar abin ya lalace. Wani da tacewa zai yi ya huta. Shi kuwa sai ya sa aka yi ta shela a talabijin cewa a girgiza kafin a sha, har girgizawar ta zame wa lemon tambari. Ni dai ban taɓa karanta tallar da ta kai wannan wayo ba.

Da Aljeriya ta sami ƴancin kai a 1962, kamfanin ya tattara ya koma Marseille, gonakin suka tsaya a Boufarik. Pernod Ricard ya saye shi a 1984. Coca-Cola ta so ta haɗiye shi a ƙarshen shekarun 1990, gwamnatin Faransa ta hana don kada kasuwar lemo ta koma hannun mutum guda. A 2009 kamfanin Suntory na Japan ya saya, kuma wannan cinikin ba wanda ya tare shi.